Daga Furen Naivasha zuwa Tumatirin Auyo: Yadda Kalsiyam ke Bin Ruwa

Ranar tsinkar tumatir a fadamar Auyo ta jihar Jigawa, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, tsibi biyu ake yi a bakin gona. Na farko shi ne wanda zai shiga kwando, a ɗaure bakinsa, a jira motar kasuwa. Na biyu kuwa gefe ake tura shi. Idan mutum ya ɗauki guda daga cikinsa ya duba ta sama, wajen da yake manne da reshe, ba zai ga aibu ba: ja ne jawur, fatarsa sumul. Sai ya juya shi zai tarar ƙarshensa, daidai inda fure ya bushe ya faɗi, ya yi baƙin tabo, ya lotsa ciki, ya bushe ƙamas. Babu tsutsa, babu rami, sau da yawa ko wari babu. Dillali ba zai saya ba, masu yin kauɗa ma sai sun yanke wajen sun zubar. Tattasai na yin haka, sai dai nasa tabon yakan fito ta gefe, fari-fari da farko, har a ɗauka ƙunar rana ce. Kankana ma ba ta tsira ba, musamman doguwar.

Abin da manomi yakan fara yi shi ne ya garzaya wajen mai maganin feshi. Ba za a ga laifinsa ba. Tun 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, duk wani tabo da ya fito a jikin tumatir sai gaban mai gona ya faɗi. Amma wannan baƙin tabo ba aikin ƙwaro ba ne, ba kuma cuta ba ce mai yaɗuwa daga shuka zuwa shuka. Ko an juye wa gonar kwalba goma, gobe wasu 'ya'yan za su sake fitowa da shi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba a lokacin da yake girma. Shi ne sinadarin da ke cikin ƙashi da haƙori da ɓawon ƙwai da farar ƙasa, kuma a jikin shuka aikinsa shi ne ya riƙe ƙwayoyin halitta su manne da juna. Inda ya yi ƙaranci, naman wurin sai ya saki, ya jiƙe, ya mutu, ya yi baƙi.

Waɗanda suka fi kowa sanin halin wannan sinadari ba manoman tumatir ba ne. Masu noman furen sayarwa ne, irin wanda ake yankowa da karansa a ɗaure dami-dami a kai Turai, kuma da yawansu ko ƙasa ba sa shukawa a ciki.

Noma ba tare da ƙasa ba ya daɗe a ɗakunan gwaji kafin ya fito kasuwa. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, William Gericke, shi ya yayata sunan haidurofonik a 1937, bayan ya nuna wa jama'a tumatirin da ya girma a cikin ruwan taki har sai an taka tsani kafin a tsinke shi. A shekarar da ta biyo baya wasu abokan aikinsa biyu, Dennis Hoagland da Daniel Arnon, suka wallafa ma'aunin haɗa ruwan da har yau ake koyar da shi. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Saiwar shuka tana zaune cikin ruwa tsantsa, ko cikin wani abu da ba ya ba ta komai sai wurin kamawa, kamar zaren ɓawon kwakwa ko tsakuwar dutse mai aman wuta, sannan a riƙa ɗiga mata ruwan da aka narkar da duk abincin da take bukata. Tunda babu ƙasar da za ta rufa wa manomi asiri, duk abin da ya manta bai zuba ba, shukar za ta tona shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya sa ke nan masu wannan noma suka san aikin kowane sinadari ɗaya bayan ɗaya.

A bakin tafkin Naivasha na ƙasar Kenya, rumfunan leda ne jere iyakar ganin ido, cike da furen wardi. Kenya ce kan gaba a Afirka wajen fitar da fure, Habasha na bin ta, inda manyan gonakinta suke a kusa da tafkin Ziway. Ana yanke fure da safe, a sanyaya shi, a kai filin jirgin Nairobi, cikin kwana ɗaya ko biyu yana kasuwar gwanjon Aalsmeer ta ƙasar Holan. Mai saye a can ba ci zai yi ba. Abu biyu yake biya wa kuɗi: kara ya tsaya cak, fure kuma ya yi mako guda ko fiye a kan tebur bai yaushi ba. Dukansu biyu suna da alaƙa da kalsiyam.

Babbar abokiyar gabar wardi a hanya ita ce wata furfura mai launin toka da ke kama fure idan ya sha raɓa a cikin kwali. A 1991 wasu masu bincike biyu a Isra'ila, Volpin da Elad, suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa wardin da aka ƙara wa kalsiyam a ruwan da yake sha ya fi jure wa wannan furfura bayan an yanke shi. Dalilin a fili yake: furfurar sai ta narkar da abin da ya manne ƙwayoyin halittar fure kafin ta shiga, kalsiyam kuwa yana sa wurin ya yi mata tauri. Su ma masu noman tulif a Holan, waɗanda akasarinsu yanzu a farantan ruwa suke tsirar da shi, sun san wata masifa ta dabam. Furen zai taso da sauri, kyakkyawa, sai wani ɗan yanki na karan, ƙasa kaɗan da kan furen, ya yi kamar an jiƙa shi, ya motse, kan ya kife. Karan ya yi saurin tsawo ne fiye da yadda kalsiyam ke iya riskarsa.

Gwajin da ya fi kowanne buɗe ido shi ne wanda aka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka a farkon shekarun 2000, a kan wani furen lili mai suna Star Gazer. Ganyensa na sama yakan fito a ƙone, a murɗe, duk da cewa akwai isasshen kalsiyam a wajen saiwa. Yao-Chien Chang da William Miller suka lura cewa ganyayen da abin ke kamawa su ne waɗanda suke dunƙule a toho, suna rufe da juna, iska ba ta ratsa su. Sai suka riƙa bi suna buɗe su da hannu tun suna ƙanana. Ƙunar ta ragu ƙwarai. Da aka sa fanka tana hura wa tohon iska daga sama, nan ma ta ragu. Ba a ƙara ko cokali ɗaya na taki ba.

A nan gizo ke saƙar. Shuka tana da hanyoyi biyu a jikinta. Ɗaya tana ɗauko ruwa daga saiwa zuwa sama, kuma sama kaɗai take zuwa. Ɗayar tana rarraba abincin da ganye ya haɗa zuwa duk inda ake bukata, sama ko ƙasa. Yawancin sinadarai suna iya bin duka biyun, shi ya sa idan naitirojin ya yi ƙaranci shuka takan kwaso shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo, tsohon ya yi rawaya. Kalsiyam bai da wannan gata. Hanyar ruwa kaɗai yake bi, inda ya sauka kuma nan zai zauna har shukar ta mutu. Ruwan kuwa ba tura shi ake yi ba, ja ake yi: ganye yana fitar da tururi ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsa, wannan ne ke janyo wani ruwan daga ƙasa. Babban ganye da ke baje a rana yana ja da ƙarfi, saboda haka yana samun kalsiyam har ya yi masa yawa. Toho da ke dunƙule, da fure, da ɗan tumatir mai fata sumul, kusan ba sa fitar da tururi, don haka ba sa ja.

Duk wanda ya taɓa noma a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Auyo ya san wannan tsari ba sai an zana masa ba. Mai gona a bakin babbar kwata yana sha ya ƙoshi, na tsakiya ya samu daidai gwargwado, na can ƙarshen layi kuwa sai abin da ya rage, ranar da ruwan ya ja baya kuma shi ne farkon wanda zai ga busasshiyar kwata. A jikin tumatir, ganye ne a bakin kwata, ƙarshen ɗan tumatir shi ne na ƙarshen layi. Jijiyoyin ruwan da suka kai can ma 'yan kaɗan ne, kuma dogon tumatir irin Roma, wanda aka fi so don yana jure tafiyar Legas, ya fi zagayayye shiga wannan hali.

Lokacin haɗarin ma ɗan gajere ne. Makonni biyu zuwa uku na farko bayan fure ya ɗaure, lokacin da ɗan ke kumbura da sauri, su ne ke yanke hukunci. Idan a cikin waɗannan kwanaki ƙasa ta bushe na yini biyu, ganye ya kwashe ɗan ruwan da ke akwai, to tabon ya riga ya kafu, ko da yake ido ba zai gan shi ba sai daga baya. Wannan ne ke rikita manomi. Ranar da ya ga baƙin, gonarsa a jiƙe take sharkaf, sai ya rantse ba ƙishirwa ba ce. Ƙishirwar ta makon jiya ce ko ta wancan.

Ƙasar fadama, mai laka da kogi ya shekara yana zubarwa, ta fi ƙasar tudu mai rairayi riƙe kalsiyam nesa ba kusa ba. Saboda haka a mafi yawan lokuta matsalar manomin fadamar Haɗeja ba rashin sinadarin ba ne a ƙasa, rashin mai kai shi ne. Abubuwan da ke tare masa hanya kuwa duk sanannu ne.

Na gaba-gaba shi ne yadda ake ban ruwa. Akasarin masu tumatir da tattasai a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri da inji suke jan ruwa, daga kogi ko daga 'yar rijiyar da aka haƙa a cikin gona. A cika fangali taf, a tafi, sai bayan kwanaki a dawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya har ta taɓa 1,000, tazarar da ke tsakanin ban ruwa da ban ruwa ta zama maganar aljihu. Wasu sun mayar da injinsu mai amfani da tukunyar gas, masu hali sun sayi na hasken rana, saura kuwa sai jan kwanaki. Ga shi a watan Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki yana kaiwa digiri 40 har ya wuce, iska a bushe, ganye na ja kamar ba gobe. Tumatirin da aka dasa a makare, wanda ya zo ɗaurin 'ya'ya a wannan lokaci, shi ya fi shan wuya.

Yawan ruwa ma haka yake yi, abin da mutane da dama ba sa tsammani. Kalsiyam ta ƙananan kawunan saiwa yake shiga, sababbi, farare, masu taushi. Idan ruwa ya kwanta a fangali ya hana su iska, sai su mutu, shuka na tsaye cikin ruwa amma ba ta sha. Fartanya idan ta yi zurfi kusa da gindin shuka ita ma tana datse su. Fadamar Haɗeja kuwa ta san duka fuskokin biyu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, har ya zama wani gari na kuka da ruwa ya kwanta masa a gona, maƙwabcinsa na kukan bai gan shi ba.

Sai taki. Yuriya ce a hannun kowa, don a gida ake yin ta, a masana'antar Indorama ta Eleme da ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, kuma sakamakonta a ido yake: kwana kaɗan gona ta yi kore shar. Amma illa biyu take yi idan ta yi yawa a lokacin fure. Tana sa ganye ya yi yawa ya yi faɗi, wato masu ja sun ƙaru. Sannan a cikin ƙasa tana fara rikiɗewa ne zuwa amoniyam, wanda ke gogayya da kalsiyam a bakin saiwa. Fotash ma idan ya yi yawa haka yake yi. Masu noman fure sun daɗe da gano wannan, shi ya sa a ruwan da suke haɗawa amoniyam ɗan kaɗan ne, akasarin naitirojin ɗin nau'in naitiret ne. Inda kuma gishiri ko kanwa suka fara fitowa fari-fari a bakin fangali, abin da kan faru a gonar da aka daɗe ana ba ruwa babu magudana, saiwa tana wahalar shan ruwan ko da yana nan, kalsiyam kuma ya sake raguwa.

To mene ne magani? Wanda ya fi kowanne aiki shi ne wanda ba a sayar da shi a kwalba: ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, maimakon mai yawa jefi-jefi, musamman daga fitowar fure zuwa lokacin da 'ya'yan suka kai rabin girmansu. Man da za a ƙona a cika fangali sau ɗaya, gara a raba shi biyu. Ƙasar da ta kwana da danshi tana da wata fa'ida ta musamman, domin da dare, sa'ad da ganye ya rufe ƙofofinsa ya daina ja, saiwa takan tura ruwa sama da kanta, kuma a wannan lokaci ne 'ya'ya da toho suke samun rabonsu. Rufe ƙasa da bambaro ko ɓuntun shinkafa yana riƙe danshin, kuma a yankin da shinkafa ta yi yawa kamar Haɗeja, inda ɓuntu ke tsibi a bayan injinan casa har ana cinna masa wuta, babu dalilin da zai sa a bar fangali tsirara a watan Maris. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai shi ma yana taimaka wa ƙasa ta riƙe ruwa.

Feshin kalsiyam a ganye, wanda ake tallarsa a kwalabe masu hoton jan tumatir, amfaninsa bai kai kuɗinsa ba a mafi yawan lokuta. Abin da ya sauka a kan ganye a nan zai tsaya, ba zai gangara zuwa 'ya'ya ba. Sai wanda ya sauka kai tsaye a jikin ƙananan 'ya'yan ne kan ɗan shiga, shi ma sai an yi ta maimaitawa, kuma mai ƙarfi yakan ƙona ganye idan aka fesa da rana tsaka. Ɗan da ya riga ya yi tabo ba ya warkewa, gara a cire shi. Dakakken ɓawon ƙwai da ake yaɗawa a Facebook da TikTok kuwa kalsiyam ne na gaskiya, amma kafin ya narke an daɗe da kwashe amfanin gonar. Haka ma dutsen farar ƙasa da aka riƙa cakuɗawa a takin kamfa na shirin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Moroko a ƙarshen 2016: yana ɗauke da kalsiyam, amma narkewarsa a hankali take, balle a ƙasar da ba ta da tsami.

Akwai inda ƙara kalsiyam a ƙasa yake da amfani ƙwarai, kuma manomin tudu ya fi na fadama bukatar jin wannan. Gyaɗa ba ta aika wa 'ya'yanta kalsiyam daga saiwa. Kwanson da ke binne shi yake tsotsar nasa kai tsaye daga ƙasar da ke kewaye da shi. Idan rairayin ba shi da shi, ko ya bushe a lokacin, sai a tone gyaɗa mai ganye kore shar a tarar da kwanso fanko. Tsohon takin sufa da iyayenmu suka saba zuba wa gyaɗa yana ɗauke da kalsiyam mai yawa ban da fosfet, abin da ya sa yake karɓarta. Jifsam, wanda kusan kashi 23 cikin ɗari nasa kalsiyam ne, shi ma yana yin wannan aiki, yana kuma gyara ƙasar da kanwa ta ɓata. Ana haƙo shi a Fika ta jihar Yobe da Nafaɗa ta jihar Gombe, ba nisa da Jigawa, amma masana'antun siminti ne ke kwashe shi, da wuya manomi ya gan shi a shagon taki.

Yanzu da rumfunan leda da ban ruwa na ɗigo suka fara shigowa Arewa, kuma ake ta kiran matasa zuwa bitar noma ba ƙasa, akwai kuskure ɗaya da sabon shiga yakan yi tun ranar farko. Takin da ake ba da kalsiyam da shi a wannan noma shi ne kalsiyam naitiret, farin ƙwaya mai saurin narkewa, wanda aka fara yi a Norwe tun 1905. Kashi 19 cikin ɗari nasa kalsiyam ne, kashi 15.5 naitirojin. Yawancin furanni da tumatir suna son kalsiyam miligiram 150 zuwa 200 a kowace lita, wato kilo ɗaya na wannan taki a tankin lita 1,000 ya kai mutum cikin ma'aunin. Amma idan aka zuba shi da kauri a bokiti ɗaya da takin da ke da salfet ko fosfet, nan take ruwan zai yi fari, ya yi gari-gari, wata farar laka ta kwanta a ƙasan bokitin. Kalsiyam ɗin ya haɗu da su ya daskare, shuka ba za ta iya sha ba, lakar kuma za ta bi bututu ta toshe ƙofofin ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa kowace gonar fure take da tanki biyu, kalsiyam a ɗaya, su salfet da fosfet a ɗayan, ba sa haɗuwa sai an tsarma su da ruwa mai yawa a kan hanyar zuwa saiwa. Ana kuma riƙe tsamin ruwan tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH. Kafin duk wannan sai an auna ruwan rijiyar kansa, domin wani ruwan yana zuwa da nasa kalsiyam, wani kuma da gishirin da zai lalata lissafin gaba ɗaya.

Ko Haɗeja za ta iya shiga kasuwar fure irin ta Kenya? A gaskiya wardi ba nata ba ne. Naivasha tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, rana mai haske, dare mai sanyi duk shekara, ga filin jirgin kaya a kusa. Haɗeja tana ƙasa da mita 400, kuma sanyaya rumfar leda a watan Afrilu da wutar da ba ta tsayawa zai cinye ribar tun kafin a yanke fure ɗaya. Idan akwai inda ya dace da wannan a Najeriya, Jos ce da tsaunin Mambila. Kasuwar gida ma ba ta taka kara ta karya ba: a bikin Bahaushe furen roba ne ke ƙawata wuri, ɗanyen fure sai manyan bukukuwan Abuja da Legas, shi ma akasari daga waje ake shigo da shi. Jigawa dai tana da nata furen da duniya ke saye, wato zoɓo, wanda ake tarawa a Maigatari da sauran kasuwanni a kai shi har Meksiko, kuma shi ba ya neman rumfa ko firji.

Abin da ya dace a ɗauko daga masu fure shi ne iliminsu, don shi ba ya bukatar tudu ko jirgin sama. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo bayan gyaran da aka yi da rancen Bankin Duniya, kuma yawan masu noman rani a yankin sai ƙaruwa yake. Amma har yanzu mai shagon magani ne malamin gonar manoma da yawa, shi kuwa abin da ke kan kantarsa zai ba da shawara a saya. Ga hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar, JARDA, ga Kwalejin Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja wadda asalinta ma ta aikin gona ce, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa. Fangali biyu kawai ake bukata a bakin hanya a kowace ƙaramar hukuma, iri ɗaya, taki ɗaya, mai ɗaya: guda a ba shi ruwa yadda aka saba, guda a raba masa ruwan a rufe ƙasarsa da ɓuntu, ranar tsinka a kira manoma su ƙirga masu tabo da hannunsu. Ya kamata a kafa su tun watan Nuwamba, lokacin dashe, ba sai Maris ba da ɓarnar ta riga ta auku.